Yadda ake saita tabarau na ganin dare don farauta da sintiri

Tambaya: Ina da tabarau na ganin dare mai ido ɗaya, samfurin PVS-14, ina ɗaura shi a kwalkwali. Da shi nake farautar dabbobin da ke ɓarna a gona, wani lokaci kuma ina fita da shi aikin sintiri. In na saita shi ina ganin nesa, abin da ke hannuna sai ya dushe. In na gyara na kusa, nesa ta tafi. Bayan kamar awa ɗaya kuma kaina ya kama ciwo. Na'urar ce ta lalace, ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Bisa ga abin da ka bayyana, na'urarka lafiyarta ƙalau. Matsala biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma asalinsu daban. Dushewar kusa in ka saita nesa halin gilashin ne, haka aka ƙera shi, sai dai a yi masa dabara. Ciwon kai kuwa kusan kullum daga saitin zoben baya yake fitowa, kuma minti biyar ya isa a gyara shi.

Ka fara riƙe wannan: in ka sa tabarau ɗin, ba daji kake kallo ba, wani ɗan allo kake kallo mai faɗin milimita 18 a cikin bututun da ke ruɓanya haske a cikin na'urar. Gilashin gaba yana tattara ɗan hasken wata da taurari ya zuba shi a kan faranti na farko, wanda ke mayar da haske ya zama ilektiron. Faranti na biyu, mai miliyoyin ƙananan ramuka, ya ruɓanya su. Sai su bugi allon, ya ba da hoto kore ko fari-fari. Gilashin baya, wanda ke dab da idonka, aikinsa kawai ya girmama maka wannan allo. Saboda haka zobe biyun da kake murzawa ba aiki ɗaya suke yi ba. Zoben baya tsakanin idonka ne da allo, babu ruwansa da nisan abin da kake kallo. Sau ɗaya ake saita shi a bar shi. Zoben gaba shi ne na nisa. Yawancin masu fama da dishi-dishi suna murza na baya ne don su gyara abin da na gaba ya ɓata, daga nan komai ya rikice.

Kafin ka taɓa kowane zobe, gyara zaman na'urar a kwalkwali. Ɗaure igiyar haɓa sosai, domin kwalkwalin da ke rawa ba a yi masa saiti. Daidaita tsawo har da'irar hoton ta zo tsakiyar idonka, sannan ka gyara karkata yadda bututun zai miƙe da layin ganinka in kana tsaye kanka a sake, ba ka ɗaga haɓa ba, ba ka sunkuya ba. Daga nan ka matso da shi ko ka tura shi gaba. An tsara gilashin baya ya zauna kimanin milimita 25 daga ido. Tura shi gaba har gefen da'irar ya fara yankewa, sai ka dawo da shi kaɗan har ta cika. A nan ne ka samu cikakken hoto, kuma ka bar wa kanka sarari na leƙawa ta ƙasa, wanda za ka ga amfaninsa nan gaba.

Yanzu zoben baya. A jikinsa akwai lambobi da alamar ƙari da ta ragi. A yawancin PVS-14 daga +2 ne zuwa −6, ma'aunin ana ce masa diyofta. Fita waje mai duhu, ka nemi abu mai kaifin gefe a nesa, kamar kan rufin gini ko reshen busasshiyar bishiya da sararin sama a bayansa. Murza zoben gaba har abin ya fito gwargwadon hali. Sai ka murza zoben baya zuwa ɓangaren ƙari har hoton ya dushe gaba ɗaya. Daga nan ka dawo da shi a hankali zuwa ɓangaren ragi, kuma da zarar hoton ya fito tar, ka tsaya. Kada ka ƙara ko ɗan kaɗan don ka ga ko zai fi haka. In ka wuce, koma farko ka sake tahowa daga ɓangaren ƙari.

Dalilin wannan tsauri shi ne ido yana yaudarar mai shi. In ka zarce cikin ragi, tsokar da ke daidaita madubin cikin ido sai ta ɗauki nauyin gyarawa, kamar yadda take yi in kana karanta ƙaramin rubutu kusa da hanci. Hoton zai ci gaba da fitowa tar, har ma ya yi kamar ya fi kaifi, amma idon yana aiki ne ba hutawa. Wanda shekarunsa ba su ja ba zai iya wuce wurin da diyofta biyu ko uku bai sani ba. A tabarau mai ido ɗaya abin ya fi muni, domin ido ɗaya yana matsewa kamar mai kallon kusa, ɗayan da ba a rufe ba yana neman kallon nesa, alhali idanun biyu tare suke matsewa tare suke saki. Wannan ja-in-ja shi ne ciwon da kake ji a goshi bayan awa ɗaya. Ta ɓangaren ƙari kuwa ido ba shi da yadda zai yi ya gyara, shi ya sa ake tahowa daga can: wurin farko da hoto ya fito shi ne inda ido yake a sake. Ka bar ɗaya idon a buɗe yana kallon nesa lokacin da kake saitin. Wanda ba ya sa tabarau na likita yawanci zai tsinci kansa tsakanin 0 da −1. In ka ga lambarka ta kai −3 alhali da rana kana ganin nesa garau, ka wuce wuri.

Akwai hanyar tabbatarwa da ba ta buƙatar abin kallo. Rufe gilashin gaba da tafin hannu a cikin duhu, ka ƙara ƙarfin haske. Za ka ga 'yan tsaki-tsaki suna ƙyalƙyali a allon. Su a kan allon suke, ba a waje ba, don haka in sun fito ƙanana masu kaifi, zoben baya ya zauna daidai. Ɗiga masa fenti ko ka manna ɗan tef a wurin, saboda zoben yana gocewa a jaka, kuma duk wanda ka ara wa sai ya murza shi. Mai astigmatizim, wato rashin daidaiton lanƙwasar ido da ke sa gani dishi-dishi, ya sani cewa wannan zobe ba ya gyara matsalarsa ko da zai kwana yana murzawa; ya sa tabaransa na likita a ƙarƙashi, tazarar milimita 25 ɗin ta isa.

In bayan wannan kan bai daina ciwo ba, duba abu biyu. Na farko maɓallin ƙarfin haske: mutane suna son buɗe shi har ƙarshe, sai ido ɗaya ya sha haske ɗayan yana cikin duhu, ƙwaƙwalwa ta kasa haɗa hotunan biyu. Rage shi har hoton ya yi ɗan duhu amma kana rarrabe komai. Tsaki-tsakin ma zai ragu. Na biyu nauyi. Na'urar ta kai kimanin giram 350, ban da mariƙinta, kuma duk a goshi suke rataye. Sa nauyin da ya yi kusa da haka a ƙeyar kwalkwali, wuya ya huta. Mai tabarau na ido biyu yana da ƙarin aiki: ya saita kowane ido shi kaɗai, ya kuma daidaita tazarar bututun biyu har da'irorin su haɗe su zama ɗaya.

Sai zoben gaba. Mafi kyawun abin saiti shi ne tauraro. Murza har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta da zai iya zama. Kada ka dogara da murza zoben har ya tsaya, don a wasu na'urori yana ɗan wuce wurin. In akwai gajimare, yi amfani da bishiya ko gini da ya haura mita 100. Kada ka saita a kan fitila, domin da'irar haske da ke kewaye ta za ta ɓoye maka gefenta. A wannan saiti ake yini, ko in ce ake kwana: tafiya, dube-dube da harbi duk a nan ake yinsu.

Abin da ya sa kusa ke dushewa lissafi ne. Don ya tara haske da yawa, an yi gilashin gaba da baki a wangale, f/1.2, wato ƙofar haske mai faɗin kusan milimita 22. Duk gilashin da bakinsa ya yi faɗi haka, zurfin abin da yake nunawa tar a lokaci ɗaya gajere ne. In ka saita a tauraro, daga kamar mita 20 ko 30 zuwa gaba komai tar ne, a mita 10 ana gane abu sarai ko da ya ɗan yi laushi, a mita 3 dishi-dishi, abin da ke hannunka kuwa inuwa kawai. Gilashin yana iya saukowa har santimita 25, amma a lokacin duk abin da ya wuce tsawon hannu ya ɓace. Idon mutum yana yin wannan canji da kansa cikin ƙiftawa. Gilashi ba ya yi.

Dabara mafi arha ita ce leƙawa ta ƙasan tabarau da ido tsirara, ga agogo, ga taswira, ga ƙulla igiya, da 'yar fitila mara ƙarfi in ta kama. Aikin hannu da ake maimaitawa, kamar canza batir ko ɗura harsashi, a koye shi da lalube har hannu ya haddace. Dabara ta biyu ita ce rage bakin gilashi da murfi mai huda, ko da irin murfin da ake buɗewa a tsuke shi. Huda mai milimita 5 tana sa ka ga hannunka da bishiyar can gaba a tare ba tare da ka taɓa zobe ba. Amma ba kyauta ba ce: hasken da ke shiga yana raguwa kusan sau 20. Ta milimita 8 tana rage shi kusan sau 8, zurfin da take bayarwa kuma bai kai na farko ba. Saboda haka murfin na daren farin wata ne, ko cikin gini inda ka kunna tocilar infirared, wato hasken da ido ba ya gani amma na'urar tana gani. A daren da babu wata, cire shi. Hudar murfin rana da ke zuwa da na'urar ta yi ƙanƙanta ga wannan aiki. Masu tabarau na ido biyu wani lokaci sukan saita ɗaya kusa ɗaya nesa. Yana aiki na 'yan mintoci, amma yana kashe gane nisa da kusancin abu, kuma ciwon kan da kake gudu zai dawo.

Tafiya da tabarau ita ce inda aka fi jin rauni, ba harbi ba. Idanu biyu na mutum suna ɗaukar wajen digiri 190 daga hagu zuwa dama. Tabarau ɗin digiri 40 yake ba ka. A nisan mita 10 faɗin abin da kake gani kimanin mita 7 ne, a mita 2 kuwa mita ɗaya da rabi. Juya ƙwayar ido ba ya ƙara komai, kai ake juyawa, a hankali, hagu, tsakiya, dama, ƙasa, a sake. In ka yi sauri hoto ya shafe. Ƙafafunka ba sa cikin hoton, kuma ko ka sunkuya a dushe suke, don haka ka karanta ƙasa tun tana mita 4 ko 5 a gabanka, ka riƙe abin da ka gani, ka ɗaga ƙafa fiye da yadda ka saba. Rami da inuwa kamarsu ɗaya. Ruwa kwance yakan fito baƙi kamar ƙasa mai laushi. Waya da siririn reshe a daidai fuska sau da yawa ba sa fitowa sam, wanda ya sa gilashin kare ido ya zama dole. Kiyasin nisa ma yana ruɗewa: abu mai haske yakan yi kamar ya fi kusa, mai duhu kamar ya fi nisa. In gona ɗaya kake tsaro, auna nisan bishiyoyi da kusurwoyinta tun da rana. Ka kuma tuna idon da ke bayan bututu ya rasa sabonsa da duhu. In ka ɗaga tabarau zai ɗauki mintoci kafin ya dawo, cikakken sabo kuwa yana cin wajen rabin awa.

Na'urar ba ta ƙirƙirar haske, ruɓanya wanda ta samu take yi. Cikakken wata yana ba da kamar lukus 0.1 zuwa 0.3 (lukus ma'aunin yawan haske ne), taurari kaɗai wajen 0.001, in gajimare ya rufe su a sake raba wannan goma. Ƙarƙashin bishiyoyi masu duhuwa ya fi haka ƙasa. In hoto ya cika da tsaki-tsaki ya yi laushi a irin wannan dare, ƙarancin haske ne, kada ka taɓa zobe. Sa wata a bayanka ko a gefenka in da hali. In kana fuskantarsa, ko kana fuskantar fitilar wani gida, na'urar za ta rage ƙarfinta da kanta, duk abin da ke cikin inuwa ya nutse.

A nan tocilar infirared ke shigowa. 'Yar fitilar da ke jikin PVS-14 ta mita kaɗan ce, ta duba abin da ke gabanka; in tana kunne za ka ga jan ɗigo a cikin gilashin baya, kuma mantawa da ita a kunne kuskure ne da ya zama ruwan dare. Don nesa sai tocila daban. Mai nanomita 850, wato tsawon zangon haskenta, ita ce ta dace da bututu, sai dai bakinta yana yin ɗan ja da ido ke iya hangowa. Mai 940 ba ta nuna jan sosai, amma bututun zubi na uku, wanda ake rubutawa Gen 3, ba ya jin haske sosai da zarar an haura 900. Ta fi dacewa da na'urori masu kyamarar dijital. Babbar illar tocila ita ce dawowar haske. Ɗanyen ganye yana mayar da infirared sosai, don haka in akwai ciyawa ko reshe dab da kai, su za su haskake, na'urar ta rage ƙarfi, dabbar da ke mita 80 ta ɓace. Matsa gefe, ko ka tsuke hasken ya wuce ta saman ciyawar. Hazo, ƙura, hayaƙi da gilashin taga duk haka suke yi.

Wajen harbi, saitin ƙarfe na kan bindiga ba shi da amfani, yana cikin yankin da ya dushe. Hanya biyu ce. Ta farko leza ta infirared: ka ɗora ɗigon a kan abin hari, kanka a miƙe. Sai dai lezar tana gefe ko saman bakin bindiga da 'yan santimita, don haka ko dai a saita ta ta haɗu da harsashi a nisa ɗaya sananne, ko a bar ta tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi a riƙa tuna tazarar. Kowacce ka zaɓa, gwada ta a filin gwaji da dare, a nisa biyu ko uku. Ta biyu kallo ta cikin madubin saiti mai jan ɗigo. Ɗigonsa an yi shi ne ya zauna kamar yana can nesa, saboda haka saitin tauraro yana nuna shi tar. Yana buƙatar madubi mai matakan haske na dare, da mariƙi dogo, kamar santimita 5 zuwa 6, don tabarau ya samu shiga bayansa, kuma tabarau ɗin ya kasance a idon da kake saiti da shi. Ka rage ɗigon iya raguwa. Mai haske da yawa yana rufe abin hari, in ya daɗe kuma yana barin tabo a bututu. Ɗaura PVS-14 a kan bindigar kanta ana yi da ƙananan harsasai irin na milimita 5.56, amma naushin manyan bindigogi yana iya lalata bututun. Leza mai ƙarfi kuwa tana ƙona ido ba tare da mutum ya ƙifta ba, tunda bai ga komai ba. A ɗauke ta kamar bakin bindiga.

Gano cewa akwai abu daban ne da sanin ko mene ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu da dare tana da faɗi. Za ka hangi motsi a mita 200, amma tantance dabba yakan buƙaci ƙasa da rabin haka, gwargwadon haske. Idanu biyu masu ƙyalli ba shaida ba ne: dila, barewa, kare, kyanwa da saniya duk idanunsu suna mayar da haske. Alade kuwa ba shi da shimfiɗar bayan ido da ke sa wannan ƙyalli, mutum ma haka, don haka rashin ƙyalli bai ce komai ba. Sai ka ga kai, ƙafafu da irin tafiyar dabbar, ka kuma san abin da ke bayanta, domin digiri 40 ba za su nuna maka wanda ke tahowa daga gefe ba. Na'urar ganin zafin jiki ta fi saurin gano dabba a cikin ciyawa, ta hasken dare ta fi ta nuna siffa da hanya. Shi ya sa masu hali suke haɗa biyun. Bin sawun jini kuwa aikin farar tocila ne.

A sintiri, ɗauka cewa duk infirared ɗin da ka kunna ana ganinsa. Ga mai irin na'urarka tocila ce tsagwaronta, leza kuma layi ne da ke nuna inda ka tsaya. Kyamarorin tsaro da wasu kyamarorin waya ma suna kama 850. Hasken allon yana zuba a fuskarka, robar da ke kewaye gilashin baya ita ke tare shi. 'Yan tawaga su sa alamar da aka yarda da ita tun kafin fita, a kuma san inda kowa yake ba tare da an dogara da gani ba. Launi ba ya fitowa, baƙin yadi ma wani yakan fito fari, saboda haka bayanin "mai jar riga" ba shi da amfani ta cikin bututu. Abin da mutum ya riƙe a hannu yana da wuyar tantancewa, kuma duk hukuncin da ya shafi ran mutum ana yinsa ne da farin haske da magana. In za ka shiga wuri mai fitila, ɗaga tabarau ka kashe shi. Dokar farautar dare da ta mallakar waɗannan na'urori ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, Amurka ma ta taƙaita fitar da bututun zubi na uku, don haka ka san ta inda kake.

Batir AA ɗaya yana kai wajen awa 50. Na litiyam ya fi jure sanyi kuma ba ya yoyo kamar alkalin. Kowanne ne dai, cire shi kafin ajiya. Ɗaure na'urar da igiya a kwalkwali, don mariƙi yana saki. In gilashin baya yana yin gumi, tura shi gaba kaɗan ko ka cire robar iska ta shiga. Hure ƙura kafin ka goge, kada ka goge da riga. Rana da leza su ne manyan maƙiyan bututu. Murfi ya zauna a kai duk lokacin da ba a aiki.

In kana son ka cire shakka game da lafiyar na'urar, ga abin dubawa. Ƙananan ɗigo baƙaƙe da ba sa motsi, da zanen saƙar zuma da ke bayyana in haske ya yi yawa, ba lalacewa ba ne. Ɗigo mai haske da ya ƙi ɓacewa bayan ka rufe gilashin gaba da hannu, gefen da'ira da ke ci da haske, wani ɓangare na hoton da ya yi duhu ko yaya ka juya kai, hoto mai ɗaukewa yana dawowa da sabon batir, ko raɓa a cikin gilashi, waɗannan na mai gyara ne, kuma kada ka buɗe ta da kanka domin an cika cikinta da busasshiyar iskar naitirojin. Haka nan in tsaki-tsakin allo sun fito da kaifi amma tauraro ya ƙi zama ɗigo duk inda ka kai zoben gaba, to gilashin gaba ne ya goce daga mazauninsa, sai a kai a sake ɗaure shi.